Kunkurun Sahel: yana yawaita a gidajen Amurka, yana ƙarewa a dajinsa na asali

A ranar da ya fito daga cikin ƙwai, tsawonsa bai fi santimita biyar ba, ƙaramin yaro ma zai iya rufe shi a cikin tafin hannunsa. Bayan shekaru goma sha biyar ko ashirin kuwa, sai ƙarti biyu sun haɗa ƙarfi kafin su ɗaga shi daga ƙasa, kuma a lokacin ya isa ya ture katangar langa-langa ko ya haƙa rami a ƙarƙashin tushen gini.

Wannan shi ne babban kunkurun yankin Sahel, wanda masana ilmin dabbobi ke kira Centrochelys sulcata, masu kiwonsa a ƙasashen Turai da Amurka kuma ke taƙaita sunan su ce sulkata. Shi ne na uku a girma a tsakanin dukkan nau'o'in kunkurun tudu na duniya, baya ga na tsibiran Galapagos da ke tekun Pasifik da kuma na tsibirin Aldabra a ƙasar Seychelles. Da yake waɗancan biyun a tsibirai kawai ake samunsu, na Sahel ɗin shi ne mafi girma a duk wata nahiya.

Al'amarin wannan dabba dai yana da ɗaure kai. A jihohin Amurka irin su Arizona da Kalifoniya da Florida, cibiyoyin da ke karɓar dabbobin da masu su suka gaza riƙewa sun daɗe suna kukan cewa kunkurun ya yi musu yawa. A ɗaya hannun kuma, a shekara ta 2021 Ƙungiyar Kare Muhalli da Halittu ta Duniya, wato IUCN, ta saka shi a jerin dabbobin da ke cikin haɗarin ƙarewa a daji, bayan ya shafe shekaru tun daga 1996 a rukunin da ke ƙasa da wannan.

Asalinsa da siffarsa

Mazaunin wannan kunkuru shi ne zirin nan na ƙasa da ya bi gefen kudancin hamadar Sahara, tun daga Muritaniya da Senegal a yamma, ya ratsa ta Mali da Burkina Faso da Nijar da arewacin Nijeriya da Cadi, har ya dangana da Sudan da Habasha da Eritiriya. Wato dai dabbar ƙasar Hausa ce da maƙwabtanta, ko da yake a yau mutane da yawa a Kano ko Maradi ba su taɓa ganinsa a daji ba, sai a gidan wani mai hali ko a gidan ajiye namun daji.

Wani mai zanen dabbobi da tsirrai ɗan ƙasar Ingila, John Frederick Miller, shi ne ya fara ba shi suna na ilmi a shekara ta 1779. Kalmar sulkata ta samo asali ne daga Latin, kuma tana nufin abin da ke da kwari-kwari kamar kunyar gona, saboda layukan da ke zagaye da kowane ɓangare na ƙoƙon bayansa. Turawa kan kuma kira shi kunkuru mai ƙaimi, domin akwai wasu 'yan tsinaye biyu ko uku masu tauri a bayan kowace cinyarsa. Launinsa ruwan ƙasa ne mai haske, irin na rairayi, ta yadda idan ya lafe a cikin busasshiyar ciyawa sai mai ido sosai zai gane shi.

Namiji ya fi mace girma nesa ba kusa ba. Riƙaƙƙen namiji kan kai tsawon santimita 80, kuma nauyinsa kan wuce na buhun siminti, wato kilo 50. An ma samu waɗanda suka kusanci kilo 100. Ana gane namijin ne ta doguwar jelarsa da kuma ƙoƙon cikinsa da ya ɗan lotsa, amma waɗannan alamu ba sa bayyana sai ya yi wasu shekaru. Saboda haka duk mai sayar da ɗan jaririn kunkuru da ya rantse cewa mace ce, kuma ba za ta yi girma sosai ba, hasashe kawai yake yi.

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare dangane da ƙoƙon. Mutane da dama sun ɗauka wani gida ne da kunkuru ke shiga yana fita, ko kuma abu ne marar rai kamar ƙwarya. A haƙiƙa ƙashi ne mai rai, wanda ya ƙunshi haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa da suka haɗe wuri guda, aka lulluɓe su da wani abu irin wanda ke cikin farcen mutum da ƙahon saniya. Akwai jini da jijiyoyi a cikinsa, kuma kunkuru na jin taɓi a kansa. Huda gefen ƙoƙon domin a zura igiya a ɗaure shi, kamar yadda wasu ke yi, daidai yake da huda ƙashin dabba tana raye.

Yadda yake rayuwa a daji

Kunkuru ba ya iya sarrafa zafin jikinsa da kansa kamar yadda mutum ko akuya ke yi. Idan gari ya yi zafi jikinsa ya ɗauki zafi, idan an yi sanyi ya huce. A yankin da zafin rana kan haura digiri 40 a watannin bazara, dabba mai irin wannan halitta ba ta da mafita sai ƙarƙashin ƙasa.

Ƙafafunsa na gaba faffaɗa ne masu kaurin ɓawo, kuma da su yake haƙa rami mai gangarawa, wanda tsawonsa kan kai mita da dama. A can ciki akwai sanyi da damshi ko da a tsakiyar watan Afrilu ne. Nan yake shafe tsakar rana, ya fito kiwo da sassafe da kuma la'asar sakaliya. Idan rani ya tsananta, ciyawa ta ƙare, yakan kwanta a ramin na tsawon makonni ba tare da ya ci komai ba, har zuwa saukar ruwan farko. Jikinsa na tattalin ruwa matuƙa: yana ajiye shi a mafitsara, kuma maimakon fitsari mai yawa yakan fitar da wani farin abu mai kauri kamar kwaɓaɓɓen alli.

Waɗannan ramuka ba shi kaɗai suke amfana ba. Ƙadangaru da ɓeraye da ƙwari da wasu ƙananan dabbobi kan fake a cikinsu, kazalika irin ciyawa da na tsirran da ya ci kan fita a kashinsa su tsiro a wani wurin. Wannan ne ya sa masu kula da muhalli ke ganin ɓacewarsa daga wani daji asara ce da ta wuce ta dabba guda.

Wajen ƙarshen damina maza kan yi ta gwabzawa a kan mata. Akwai wani ƙashi mai baki biyu da ya fito ta ƙarƙashin wuyan namiji, da shi yake tunkuyin abokin hamayya yana ƙoƙarin kifar da shi. Wanda aka kifar a tsakar rana, idan bai samu ya juyo ba, zafi na iya kashe shi. Masu iya magana kan ce kunkuru ya so dambe amma ba shi da yatsa, sai dai wanda ya taɓa ganin faɗan manyan maza biyu na wannan nau'i zai san cewa sun samu wata hanyar.

Mace kan haƙa rami ta zuba ƙwai tsakanin 15 zuwa 30 a lokaci guda, ta rufe da ƙasa ta kama gabanta, ba ta kwanci kuma ba ta reno. Zafin ƙasar da ƙwan ke ciki shi ke tantance ko za a samu maza ko mata, inda zafi mai yawa ya fi ba da mata. A daji kaɗan ne daga cikin 'ya'yan ke tsira daga dila da guza da tsuntsaye masu farauta. A gidan mai kiwo kuwa, inda ake kwashe ƙwan a saka a na'urar ƙyanƙyasa, kusan dukkansu ke rayuwa, kuma mace guda na iya yin ƙwai fiye da sau ɗaya a shekara. Daga nan matsalar Amurka ta samo asali.

Yadda ya tsallaka teku

A shekarun 1980 da 1990 an yi ta kwasar wannan kunkuru daga Afirka ta Yamma zuwa Turai da Amurka da Japan, yayin da kiwon dabbobi masu jan ciki ya zama abin yayi. A shekara ta 2000 aka samu sauye-sauye biyu. A taron da ƙasashen da suka rattaba hannu kan yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, suka yi a Kenya, an amince cewa daga lokacin ba za a ƙara fitar da ko guda da aka kamo daga daji ba domin kasuwanci. A wannan shekarar ce kuma ma'aikatar aikin gona ta Amurka ta haramta shigar da shi ƙasar, tare da wasu nau'o'in kunkuru biyu na Afirka, bayan da aka gano suna ɗauke da kaska mai iya yaɗa wata cuta da ke tara ruwa a kewayen zuciyar shanu da tumaki da awaki.

Sai dai kafin a rufe ƙofar, waɗanda suka riga suka shiga sun isa su hayayyafa. Yanayin kudancin Amurka mai zafi ya karɓe su, masu kiwo suka shiga ƙyanƙyasar dubbai a kowace shekara, farashi ya karye, har ta kai ga Amurka da kanta ta zama mai fitar da su zuwa ƙasashen Asiya. Ɗan ƙaramin kunkuru mai kyan gani, marar hayaniya, wanda ba ya cizo kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, abu ne mai saurin shiga ran yara da iyayensu. Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne yadda dabbar za ta koma nan da shekaru goma.

Wata ƙungiya mai suna American Tortoise Rescue da ke Malibu a jihar Kalifoniya, wadda ta ƙirƙiro Ranar Kunkuru ta Duniya da ake yi kowace 23 ga watan Mayu tun daga shekara ta 2000, ta yi ta kira da a daina hayayyafar sulkata da sayar da shi. Dalilinta shi ne akasarin masu saye ba za su iya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa ba. Wasu kan kai shi cibiyoyin agaji, wasu kuma su sake shi a bakin hanya cikin dare. Gidajen ajiye namun daji ba su da sha'awar karɓa, domin sun riga sun samu fiye da bukatarsu.

Akwai dai waɗanda suka riƙe amana. A birnin Tokyo, wani mai kamfanin shirya jana'iza ya shahara a kafofin yaɗa labarai tun wajen shekara ta 2015, saboda yadda yake fita yawo a kan titi da ƙaton kunkurunsa mai suna Bon-chan, wanda ya rena tun yana ɗan ƙarami, su biyun suna tafe sannu a hankali mutane na ɗaukarsu hoto.

Abin da kiwonsa ke bukata

Abu na farko shi ne fili. Kunkurun da a daji yake yawo mai nisa neman ciyawa ba zai samu lafiya a cikin kwali ko baho ko akwatin gilashi ba, sai dai na ɗan lokaci yana jariri. Babba na bukatar fili mai ƙasa da ciyawa, da inuwa, da kuma inda rana ke sauka. Tsakar gidan da aka malale da siminti ko tayil, irin na gidajen zamani a birane, yana cinye masa farata da ƙoƙon ciki, yana gurɓata masa tafiya, sa'annan ya hana shi haƙa, wanda kuwa ɗabi'arsa ce da ba ya iya bari.

Shingen ma sai an yi masa tunani. Masu kiwo sun lura cewa idan kunkuru na hango abin da ke waje, to zai yi ta tunkuyin shingen ne har sai ya ga bayansa, don haka katangar bulo ta fi waya ko karare, kuma wajibi ne tushenta ya nutsa cikin ƙasa don kada ya haƙa ta ƙarƙashi. Ramin da ya haƙa a jikin gini na iya raunana tushe, balle a gidan ƙasa. Tukwanen furanni da bututun ruwa da randa, duk abin da ya tare masa hanya ture shi yake yi, domin kunkuru ba ya kewaye. Rijiya da kwatami da tafkin wanka kuwa tilas a rufe su ko a killace, saboda saɓanin kififiya, wadda a ruwa take rayuwa, wannan kunkuru bai iya iyo ba, nutsewa yake yi. Maza biyu ba sa zama a fili guda.

Batun abinci shi ne inda aka fi yin kuskure, kuma kuskuren kan zo ne ta hanyar nuna ƙauna. Kunkurun Sahel dabba ce mai kiwo, cikinsa an yi shi ne domin ciyawa mai yawan harza da ƙarancin maiƙo. Kaso mafi girma na abincinsa ya kamata ya zama ciyawa, ɗanya ko busasshiya, sai a ɗan haɗa da ganyaye da kabewa jefi-jefi. Amma da yake shi ba ya ƙin tayi, duk abin da aka miƙa masa haɗiyewa yake yi, sai masu shi su riƙa zuba masa sauran tuwo da shinkafa da burodi, a Turai kuma har da abincin karnuka na gwangwani. Irin wannan ciyarwa na sa shi saurin girma fiye da kima, tana wahalar da ƙoda da hanta. 'Ya'yan itatuwa masu zaƙi kamar mangwaro da kankana, idan suka yi yawa, suna ɓata masa ciki. Harawar wake ko ta gyaɗa, wadda take ƙiba ga rago, ta fi ƙarfin bukatarsa idan aka mayar da ita abincin kullum.

Kwaɗayin nasa na da wani haɗarin. Yana haɗiye leda da tsumma da igiya da ƙusa, kuma waɗannan kan toshe masa hanji. A garuruwan da iska ke kwaso leda ta zuba a kowane tsakar gida, wannan ba ƙaramin abin lura ba ne.

Haka nan kasancewarsa dabbar bakin hamada ya sa wasu ke zaton ba ya shan ruwa. Yana sha, kuma yana son ya shiga ruwa marar zurfi ya jiƙa jikinsa. Wanda aka bari da ƙishirwa, wannan farin abu da yake fitarwa kan daskare a mafitsararsa ya zama dutse, wani lokaci mai girman dunƙulen hannu, wanda sai likitan dabbobi ya yanka ƙoƙon cikin kafin a ciro shi.

Ƙoƙon da ya yi tudu-tudu

Duk wanda ya kwatanta kunkurun daji da na gida zai lura da wani bambanci. Bayan na daji sumul yake, na gida kuwa sau da yawa kowane ɓangare na ƙoƙonsa ya taso ya yi tsini kamar an jera ƙananan dala. Wasu masu saye ma sun ɗauka ado ne. Alama ce ta cewa an samu tangarɗa a renonsa, kuma idan ƙoƙon ya riga ya taso ba ya komawa.

An daɗe ana ɗora laifin kan abinci mai yawan sinadarin furotin. A shekara ta 2003 wasu masana biyu na jami'ar koyon likitancin dabbobi da ke Biyana a ƙasar Ostiriya, Wiesner da Iben, suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da 'ya'yan wannan kunkuru, inda suka rarraba su rukuni-rukuni, suka bambanta musu abinci da kuma yawan damshin iskar wurin da suke. Abin da suka gano shi ne waɗanda aka rena a busasshen wuri su ne ƙoƙonsu ya fi tasowa, kuma tasirin damshi ya fi na abinci.

Wannan ya yi daidai da yadda dabbar ke rayuwa a daji. 'Ya'yan kan ƙyanƙyashe ne a daidai lokacin da ƙasa ke da laima, kuma akasarin lokacinsu a cikin rami ko ƙarƙashin ciyawa suke yinsa. Mai kiwon da ya ji an ce dabbar hamada ce, ya ajiye jariri a kan busasshen yashi ƙarƙashin fitila mai zafi, ya ba shi yanayin da ko a Sahel ɗin ba ya zama a cikinsa. Shi ya sa ƙwararrun masu kiwo a yau ke jiƙa jarirai a ruwan ɗumi marar zurfi a kai a kai, su kuma tanadar musu maɓoya mai damshi.

Rana ma tana da nata aikin. Da haskenta ne jikin kunkuru ke haɗa sinadarin bitamin D, wanda sai da shi yake iya amfani da kalsiyam wajen gina ƙashi. Wanda aka kulle a ɗaki ƙoƙonsa kan yi laushi, ƙafafunsa su kasa ɗaukarsa, kuma hasken da ya ratso ta gilashin taga ba ya wadatarwa. A Ingila ko Jamus sai an sayi fitilu na musamman, a kuma gina masa ɗaki mai na'urar ɗumama wuri, domin shi ba ya yin dogon barcin hunturu irin na kunkurun ƙasashen Bahar Rum, sanyi kashe shi yake yi. Kuɗin wutar lantarki kaɗai ya isa ya sa wasu su sallama. A nan mai kiwo a Sakkwato ko Damagaram ya fi na Landan sa'a, tun da rana kyauta ce. Duk da haka a daren hunturu, idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 15, kunkurun da aka hana shi rami yana bukatar wurin fakewa mai ɗumi, in ba haka ba ya kamu da ciwon huhu, wanda ake ganewa ta majina da kumfa a hanci.

Akwai kuma lafiyar mutanen gida. Kunkuru, kamar sauran dabbobi masu jan ciki, yakan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a hanjinsa ba tare da ta dame shi ba, amma ga mutum tana haddasa gudawa da zazzaɓi, kuma ta fi tsanani ga ƙananan yara da tsofaffi. Wannan ne dalilin da ya sa tun a 1975 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da kunkurun da tsawon ƙoƙonsa bai kai inci huɗu ba, kimanin santimita goma ke nan, saboda yara kan saka shi a baki. Wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, da nisanta shi daga madafa da wurin wanke-wanke, su ne matakan kariya.

Shekaru nawa yake yi?

Kunkurun Sahel da ya samu kulawa na iya haura shekaru 70. Ma'ana, magidancin da ya saya wa ɗansa jaririn kunkuru a bana, mai yiwuwa jikokinsa ne za su ga ƙarshen dabbar. A Birtaniya da Amurka wasu masu kiwo kan rubuta a cikin wasiyyarsu wanda zai gaji kunkurun, har su ware kuɗin ciyar da shi.

Tsawon ransa ya sa ake yawan ƙara wa labarinsa gishiri. A watan Oktoban 2019 fadar Soun na Ogbomoso da ke jihar Oyo ta ba da sanarwar mutuwar shahararren kunkurunta mai suna Alagba, wato dattijo a harshen Yarbanci, wanda aka ce ya shekara 344 kuma yana da ma'aikata na musamman da ke kula da shi. Masana sun nuna shakku game da wannan adadi, suna masu cewa ya zarce duk abin da aka sani game da wannan nau'i, wasu ma na ganin mai yiwuwa kunkuru fiye da ɗaya ne suka gaji sunan a tsawon zamani. Ko Jonathan, ƙaton kunkurun Seychelles da aka kai tsibirin Saint Helena a 1882, wanda kundin bajinta na Guinness ya ayyana a 2022 a matsayin kunkuru mafi tsufa da aka taɓa sani, an ƙiyasta haihuwarsa ne a wajen 1832. Ƙirga layukan ƙoƙo ma ba ya ba da shekaru daidai, domin layin kan fito ne gwargwadon samun abinci, kuma na tsoho kan goge.

Ajiye kunkuru a fada ko a gidan babban mutum tsohuwar al'ada ce a Afirka ta Yamma. Ƙabilar Dogon ta Mali na girmama shi, wasu al'ummomin kuma na ɗaukarsa alamar tsawon rai da arziki, ko su yi imani yana kare gida daga sharri. A tatsuniyoyin Yarbawa da na Ibo shi ne gwanin wayo, matsayin da Hausawa suka bai wa Gizo. Sai dai wannan daraja ba ta yi masa rana ba, domin kunkurun da ke tsakar gida a Bamako ko Yamai ko Kano, sau da yawa daga daji aka ɗauko shi, kuma dabbar da ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta fara ƙwai ba ta iya maye gurbin manyan da ake kwashewa.

Halin da ake ciki a daji

Baya ga kamu domin sayarwa ko ci ko haɗa magani, babbar barazanar ita ce ta muhalli. Gonaki sun ci dazuzzuka, garken shanu da awaki na cinye ciyawar da yake dogaro da ita, gobarar daji na hallaka ƙanana, ga kuma fari da kwararowar hamada. Abin da ya rage yanzu 'yan gungu ne a warwatse, akasari a wuraren da aka keɓe, kamar gandun dajin Termit da Tin Tumma da gwamnatin Nijar ta kafa a shekara ta 2012. Rashin tsaro a sassa da dama na Sahel ya kuma sa aikin masu bincike da na jami'an gandun daji ya yi wuya.

Nijeriya da Nijar duk suna cikin yarjejeniyar CITES, kuma Nijeriya na da dokar kare dabbobin da ke fuskantar barazana tun 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016 domin ƙara tsananta hukunci. Fitar da wannan kunkuru zuwa wata ƙasa ba tare da takardar izini ba laifi ne. Amma a kasuwannin cikin gida da wuya a ji mai saye ya tambayi daga ina aka samo shi.

Tambayar da kan zo a ran mutane ita ce, tun da ya yi yawa a Amurka kuma ya yi ƙaranci a Sahel, me zai hana a kwaso a mayar? Masana na ɗari-ɗari da hakan. Kunkurun da ya tashi a gida na iya ɗauke da cututtukan da na daji ba su saba da su ba. An ga misali a hamadar Mojave ta Amurka, inda ake kyautata zaton sakin kunkurun gida ya taimaka wajen yaɗa wata cutar numfashi a tsakanin kunkurun hamadar wurin. Bugu da ƙari, na Amurkan an cakuɗa asalinsu, ba a san wanda kakanninsa suka fito daga Senegal ko daga Sudan ba.

Inda aka gwada mayarwa cikin tsari shi ne Senegal. A ƙauyen Noflaye da ke kusa da Dakar akwai wata cibiya da ake kira Ƙauyen Kunkuru, wadda aka kafa da haɗin gwiwar wata ƙungiyar Faransa mai suna SOPTOM, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa aikin shi ne masanin nan ɗan ƙasar, Tomas Diagne, wanda ya samu lambar yabo ta Tusk kan kare namun dajin Afirka a 2019. Cibiyar na karɓar kunkurun da mutane suka gaji da riƙewa ko aka ƙwace daga hannun masu fataucinsa, ana duba lafiyarsa, a killace shi, a saba masa da neman abinci da kansa. Waɗanda suka cancanta ne kawai ake kaiwa gandun dajin Ferlo da ke arewa maso gabashin ƙasar a sake su, wasunsu da 'yar na'ura manne a ƙoƙon baya domin a riƙa bin diddigin inda suka nufa. Waɗanda ƙoƙonsu ya riga ya lalace kuwa, ko suka nakasa sakamakon shekarun da suka yi a kan siminti suna cin sauran abinci, a cibiyar suke ƙare rayuwarsu.